Kafaɗar Ɗan Yayata

Ban san akwai wani wasa wai shi jumbaz ba sai da na zo Riyad. A Gusau inda na tashi, in aka ga yara suna alkafura a kan yashi korarsu ake yi, a ce za su karya wuya. A nan kuwa na tarar an gina wa alkafurar katafaren ɗaki mai sanyi, an ɗauko mata koci daga Turai, kuma wanda ya fi kowa iya ta a ɗakin nan ɗan yayata ne, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya.

Mijin yayar tawa, wanda nake kira Alhaji, shi ya nemo mini bizar direba. Makanike ne, ya haura shekara ashirin yana gyaran mota a wani gareji a Al-Shifa, kuma a unguwar suke zaune, a hawa na biyu na wani tsohon gida. Ni kuma na samu aiki a gidan wani jami'in jakadanci a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, aka ba ni ɗan ɗaki a bayan gida. Juma'a ce ranar hutuna, kuma maigidan ya yarda in riƙa fita da ƙaramar motar gidan. Saboda haka duk Juma'a a Al-Shifa nake cin tuwo.

Rabona da ɗan yayar tawa tun yana goye, lokacin da suka taɓa zuwa ganin gida. Ranar da na fara shiga gidan na tarar da saurayi ɗan shekara goma sha tara, gajere, kafaɗunsa kamar za su yaga rigar. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, sannu da zuwa." Daga nan Hausar ta ƙare masa, ya koma Larabci. A Riyad aka haife shi, a nan ya yi makaranta. Yana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke ba shi wuya. Bayan wannan rana bai ƙara ce mini kawu ba, sai dai Hali, yadda Larabawa ke kiran ɗan'uwan uwa.

Da muka gaisa na ji tafin hannunsa kamar na wanda ya shekara yana faskare. Duk kanta ce, a wasu wuraren fatar ta ɗaye. Yaya ta ce abin da ya sa tun a waya ta matsa mini in taho da man kaɗanya ke nan. Bayan mun ci abinci ta zaunar da shi tana shafa masa, shi kuma yana kallon talabijin kamar ba hannunsa ba.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Shekara goma sha biyu ke nan yana wannan tsalle-tsallen. Ga gareji can ina neman mai riƙe mini sifana."

Yaya ta ce, "Alhaji, baƙo fa ya zo."

"Ai ba baƙo ba ne. Gara ya sani."

Ɗakin wasan yana Al-Nasiriya, tafiya mai nisa daga Al-Shifa, kuma Alhaji ya daɗe da daina kai shi. Wasu abokai ke rage masa hanya, wani lokacin ya hau tasi. Da na zo sai na karɓi na ranar Juma'a. Bayan la'asar mu fita, in zauna a benci in jira shi.

Ranar farko da na shiga ba zan manta ba. Ko'ina katifu ne, iska kuma tana warin wata farar hoda da suke shafawa a hannu. Akwai doguwar sandar ƙarfe da suke lilo a kanta, akwai wani abu da suke kira doki, sai kuma zobba biyu na katako da ke rataye da igiya daga can sama. Zobban nan su ne na ɗan yayar tawa. Kocin, wani dattijon Bature mai ɗingishi, ya kama ƙugunsa ya ɗaga shi, ya kama zobban. Ya juya, ya kife kansa ƙasa, ya sake juyowa, sannan ya sauko a hankali ya buɗe hannayensa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, ya tsaya cak a cikin iska. Igiyar ko motsi ba ta yi. Sauran 'yan wasan suka bar abin da suke yi suna kallo. Ni kuwa na miƙe tsaye ban sani ba, don gani nake hannayen za su cire.

A mota na tambaye shi ko babu ciwo. Ya yi dariya ya ce, "Akwai, Hali. Kullum akwai."

A shekaru biyun da suka biyo baya, duk gasar ƙungiyoyin da aka bar shi ya shiga sai ya dawo da wani abu. Sai dai akwai iyakar da ba ya wucewa. Ba ɗan ƙasa ba ne, iƙama yake riƙe da ita kamar ni da na zo jiya, wato takardar izinin zama, kuma tasa a ƙarƙashin ta mahaifinsa take. In aka zo zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasar a waje, sai ya tsaya yana kallo a tafi da waɗanda yake kayarwa. Kocin ne ya ce masa ya daina jiran abin da ba zai zo ba, ya nemi ƙasar da fasfonsa ya nuna. Aka yi ta aika bidiyonsa, aka yi ta rubuce-rubuce, har aka kira shi gwaji a Najeriya. Ya tafi, aka ɗauke shi, daga can aka wuce da su wata gasa ta ƙasashen Afirka. Ya dawo da lambar tagulla a wasan zobba.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Bidiyon wasan nasa ya shiga wayar duk wani ɗan Najeriya da ke Riyad. Leburori a wurin gini, direbobi, masu shago, kowa na nuna wa ɗan'uwansa. Gidan Al-Shifa ya cika da masu barka, har takalma suka sauko kan matakala. Alhaji da kansa ya sa babbar riga ya zauna a falo yana karɓar baƙi, yana ba su labarin yadda tun ɗan yana shekara huɗu yake hawa saman firji. Yaya ta dube ni ta ƙofar kicin, ta koma kan girkinta.

Wani gidan rediyon Hausa ya kira shi a waya don hira. Ya roƙe ni in zauna kusa da shi. In aka yi masa tambaya ya rasa kalma, sai ya toshe wayar da tafinsa ya faɗa mini ta Larabci, ni kuma in raɗa masa Hausarta. Da aka tambaye shi abin da ya ji da aka rataya masa lambar, ya juyo ya dube ni, na ce masa alfahari. Ya maimaita a hankali, yana rarrabe gaɓoɓin. Washegari 'yan'uwa daga Gusau suka yi ta kirana, wai sun ji ɗanmu.

Ni ma na samu rabona. Masu gadin ƙofar unguwarmu, waɗanda suka shekara biyu suna duba iƙamata kamar ba su taɓa ganina ba, suka fara ɗaga mini hannu. Maigidan da nake yi wa aiki ya ji labari a ofis, ya fito har wurin mota ya miƙo mini hannu muka gaisa. Wannan ne karo na farko da ya yi haka. A masallacin Juma'a kuwa an daina kirana direban gidan wane, an koma kawun ɗan wasan nan. Na faɗi wannan ne don a gane abin da na yi daga baya.

Wata Juma'a muna hanyar Al-Nasiriya ya ce in karkata wani layi. Muka tsaya a ƙofar wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ya shiga, bayan kamar rabin awa ya fito yana murza kafaɗarsa ta dama.

Na ce, "Me aka yi maka?"

"Allura ce kawai. Tana kashe ciwon."

"Kocinka ya sani?"

Ya girgiza kai. Ya ce in kocin ya sani zai hana shi zobba na wata uku, ga shi kuwa akwai babbar gasa a gaba, wadda daga ita ake tsallakawa zuwa ta duniya. Ya ce shekarunsa ashirin da biyu, a wannan wasa ba yaro ba ne, in wannan ta wuce shi ba lallai wata ta zo ba. Sannan ya dafa hannuna a kan sitiyari ya ce da Hausa, don in ji da kyau, "Hali, kada ka gaya wa Ummi. Don Allah."

Ummi yake kiran uwarsa. Na tayar da mota. Na gaya wa kaina cewa ya fi ni sanin jikinsa, kuma ni direba ne, me na sani game da kafaɗa. Amma na sha ganin yadda yake sa riga, hannun hagu yana taimakon na dama. Na ga ya daina ɗaukar wa uwarsa tulun gas. Na sani. Ban so a tsayar da abin ba ne kawai, don ni ma daɗinsa nake ji. Muka ci gaba da tsayawa a layin nan, daga bayan mako uku ya koma bayan mako biyu.

Saura kwana goma sha wani abu su tashi zuwa gasar abin ya faru. Ina zaune a bencina. Ya hau zobba kamar kullum, ya juya, ya sauko zai buɗe hannayensa, sai na ga na daman ya saki kamar an yanke igiya. Ya rataya da hagu na ɗan lokaci, sannan ya faɗo kan katifa. Bai yi ihu ba. Ya tashi zaune ya tallabe gwiwar hannunsa, yana kallon ƙasa. Kocin ya ɗingiso ya durƙusa gabansa, ya taɓa wurin da yatsa biyu, ya daɗe bai ɗago ba.

Ni na kai shi asibiti. A lokacin an farfasa titunan Riyad ana haƙar hanyar jirgin ƙasa, ko'ina shinge ne da kewaye, tafiyar minti ashirin ta ci mana kusan awa. Duk ramin da na shiga sai in ji ya ja numfashi ta haƙora. A wata danja ya jingina kansa da gilashi ya ce, "Halas, Hali." Wato shi ke nan. Na ce ya daina faɗin haka, Allah ne mai warkarwa.

Washegari likitan ya tara mu a wani ɗan ofis, ni da Alhaji da Yaya. Ya ce jijiyar kafaɗar ce ta tsinke, kuma ba a rana ɗaya ta tsinke ba, ta daɗe tana cinyewa. Ya ce da an huta tun farko da ba a kai ga haka ba, amma alluran da ake yi masa sun ɓoye ciwon har ya ci gaba da ɗora mata nauyi. Larabcin likita ya fi ƙarfina, Alhaji ne ke fassara mini, da ya faɗi wannan sai ya tsaya.

Yaya ta ce, "Wace allura?"

Da muka fito baranda ta tsaya a gabana. Ta san ɗanta ba shi da mota, ta kuma san wanda ke fita da shi.

"Kai ka kai shi?"

"Ni na kai shi, Yaya."

"Sau nawa?"

"Ban ƙirga ba."

Ta dube ni ta daɗe, sannan ta gyara mayafinta ta shiga ɗakin da yake kwance. Ba ta zage ni ba, kuma har yau ba ta sake tayar da maganar ba. Juma'ar da ta biyo baya na je, ta kawo mini tuwo kamar yadda ta saba, ta ajiye ta koma kicin. Da can zama take yi mu yi hirar gida har abincin ya huce. Haka muka yi watanni. Alhaji ne ma ya ce mini wata rana a gareji, yana goge hannu da tsumma, "Da ba ka kai shi ba, da tasi zai hau." Na san don ya sauƙaƙa mini ya faɗa, amma bai rage komai ba.

Aka yi wa ɗan aiki a kafaɗar, ya yi makonni hannun na rataye a wuya. Daga nan aka shiga gashi da motsa hannu da wata robar ja. Mutumin da yake tsayar da jikinsa a iska ya koma yana gumi kafin ya ɗaga kofin shayi. Da farko mutane na zuwa dubiya, a masallaci ana tambayarsa yaushe zai koma. Ya ce nan ba da daɗewa ba, in sha Allahu. A hankali masu tambayar suka ragu, har aka daina. Waɗanda suka kira shi daga Najeriya sun bugo sau biyu ko uku, sannan suka ɗauki wani.

Bayan kusan shekara ya koma Al-Nasiriya, ni na kai shi. Kocin ya ɗaga shi ya kama zobban. Ya yi lilo, ya kife, duk lafiya. Da ya zo buɗe hannaye sai na daman ya fara rawa tun bai kai rabi ba, ya saki ya diro. Ya sake gwadawa har sau uku. A na huɗu kocin ya ƙi ɗaga shi. Ya ja shi gefe suka zauna a kan katifa suna magana ƙasa-ƙasa. A ɗaya gefen wasu sababbin 'yan wasa da ban sani ba suna ta nasu, ba wanda ya waiwayo. Ba a daɗe ba kwantiragin dattijon ya ƙare ya koma ƙasarsu.

Bidiyon kuwa bai daina yawo ba. Wani sabon direba da aka kawo maƙwabtanmu, mutumin Katsina, ya miƙo mini wayarsa wata rana muna jiran iyayen gidanmu a bakin kanti. Ya ce, "Malam, ka ga wani Bahaushe a nan garin, wai shi ne na uku a Afirka." Na kalla har ƙarshe na mayar masa. Na ce na taɓa gani. A wannan lokacin mai bidiyon yana Al-Shifa, ya yi ƙiba, yana wuni a kan kujera da waya a hannu, ba ya fita sai sallah.

Daga baya abubuwa suka haɗu wa Alhaji. Aka fito da harajin da baƙo zai riƙa biya a kan kowane mutum na iyalinsa, mai garejin kuma ya tsufa, 'ya'yansa suna son sayar da wurin. Ga shi ɗan ya kai shekarun da ba zai ci gaba da zama a ƙarƙashin iƙamar uba ba, sai ya samu kafil nasa, wato wanda zai tsaya masa ya ba shi aiki. Ƙungiyar wasan tasa ta daɗe tana cewa za ta ɗauke shi mataimakin koci. Ya yi ta zirga-zirga, kullum a ce ya dawo mako mai zuwa, a ƙarshe aka ba wani ɗan ƙasa. Na nema masa tuƙi a wani gida a unguwarmu. Ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ɗakin direban da irin rigar da zai sa, ya ce mini, "Ba zan iya ba, Hali. Ka yi haƙuri." Ban matsa masa ba.

Alhaji ya yanke shawarar fita ta ƙarshe, wadda in an buga maka ita a fasfo ka bar ƙasar ke nan. Aka sayar da kujeru da firji, aka ɗaure sauran a kwalaye. Ranar tafiyar da safe na kai su filin jirgi, sawu ɗaya, don kayan sun riga sun tafi. A hanya ɗan ya zauna a gaba kusa da ni yana kallon gari ta taga, yana faɗin sunan kowace unguwa da muka wuce, ba da kowa yake ba. Alhaji da Yaya gida za su koma. Shi kuwa duk zamansa a Najeriya bai kai wata biyu ba in aka haɗa.

A wurin rabuwa Alhaji ya rungume ni ya ce mu yafi juna. Yaya ta tsaya nesa kaɗan, sai da aka kira layinsu ta matso ta ce, "Ka riƙa cin abinci. Ka rame." Ɗan ya miƙo mini hannun hagu, duk da jakarsa na rataye a wannan kafaɗar mai lafiya, don har lokacin kaffa-kaffa yake yi da na daman. Na tsaya a bayan gilashi har suka isa wurin jami'in da ke buga hatimi. Na ga jami'in ya ɗago yana yi masa magana, ga alama ya ji Larabcinsa irin na 'yan gari ne. Suka ɗan yi hira, jami'in ya girgiza kai, ya buga, ya miƙa masa fasfon. Na koma bakin aiki a makare, uwargidan tana jirana za ta kasuwa.

Na ƙara shekara biyu a Riyad bayan tafiyarsu. Ranar Juma'a sai in yi sallah a masallacin kusa, in sayi shinkafa a wurin 'yan Pakistan, in koma ɗaki. Shi kuma ya sha wuya a Gusau da farko, zazzaɓi ya yi ta kayar da shi, 'yan unguwa suna kiransa Balarabe. Yanzu yana koyar da Larabci da motsa jiki a wata makarantar firamare ta kuɗi a Tudun Wada. Ya yi aure, matarsa ta haifi 'ya mace. Hannun daman ba ya wuce saitin kunnensa, in sanyi ya shigo kuma sai an gasa masa da ruwan zafi kafin ya iya rubutu a allo.